Jamusancin Asibiti

Shekara da shekaru ni ke yi wa Si Munji lissafin harajinsa, kuma ban taɓa ganin ya hau matakalar ofishina hannu rabbana ba sai sau ɗaya. Kullum da leda, ledar kuwa ta rasit ce: na garin da yake kwaɓawa, na kakin zuma, na wuta, na ruwa, har na tsintsiyar share shago. Mu mutanen Safakis an san mu da riƙo, sauran 'yan ƙasa suna mana tsiya a kai, mu ma ba ma musu. Amma Si Munji ko a cikinmu sai an sara masa. Haƙoran roba yake haɗawa a wani ɗan shago bayan ƙofar ganuwa ta Bab Jebli. Likitocin haƙori su aiko masa da awon baki, shi kuma ya zauna shi kaɗai da fitila da 'yan ƙarafunansa ya ƙera. Rabin tsofaffin unguwarmu da aikinsa suke tauna nama, amma bai san fuskar yawancinsu ba.

Marigayiya matarsa, Jalila, 'yar kawuna ce. Shi ya sa nake faɗa masa magana kai tsaye, shi kuma yake biyana kuɗin aiki a makare, duk ba mai jin haushin wani.

Ranar da ya zo da maganar nan, yara sun koma makaranta ke nan. Ya shigo babu leda, ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Rafika, tambaya gare ni. In mutum ya yi karatu saboda sana'arsa, kuɗin makarantar ana rage masa a haraji?"

"In karatun na sana'ar ne, yana shiga cikin abin da ka kashe don aiki. A cire shi daga riba kafin a yanka maka. Wa zai yi karatun?"

"Ni."

"Da wannan furfurar? Karatun me?"

"Jamusanci."

Na cire tabarau na dube shi. Shi kuma ya kama kallon fankar da ke sama kamar yau aka ɗaura ta.

Ba sai an yi mini bayani ba. Ɗansa tilo, Nizar, ya tafi Jamus karatun injiniya, ya samu aiki a Kassel ya zauna, ya auri wata Bajamushiya mai suna Anika. Suna da 'ya ɗaya, Durra, shekararta bakwai. Sau ɗaya aka taɓa kawo ta tana jaririya, lokacin Jalila na da rai. Tun daga nan sai ta waya. Kowace Lahadi Nizar zai kira da bidiyo, ya ƙwala wa yarinyar kira, ta leƙo ta ce "aslema", gaisuwarmu, da wata murya kamar an matse ta, ta ruga. Iyakar Larabcinta ke nan. Na taɓa zama a gidan ana wannan kiran. Tsohon ya tara maganganu fal a baki, ya buɗe, sai ya ga bayan rigarta. A bana kuwa Nizar ya yi alkawarin zai kawo su lokacin zafi mai zuwa, in an yi hutu. Abin da Si Munji yake so bai wuce ya zauna da jikarsa su yi hira baki da baki ba, ba tare da ɗansa ya tsaya a tsakani yana fassara yana duba agogo ba.

Ashe ya riga ya je wata cibiyar koyon harsuna ya yi tambaya. Aji biyu gare su, in ji shi. Ɗaya na kowa da kowa: gaisuwa, kasuwa, sunayen dabbobi, hirar gida. Ɗaya kuma na ma'aikatan lafiya, inda samari da 'yan matan da suka gama makarantar jinya suke cika suna shirin tafiya aiki Jamus.

Na ce, "Na farkon ba zan iya sa shi a takardunka ba. Sufeton haraji zai ce me ya haɗa mai haƙoran roba da 'ina hanyar tasha'? Na biyun zan iya kare shi, tunda injinka da kayan aikinka daga can suke zuwa, bayaninsu da Jamusanci yake, kai kuma a harkar lafiya kake. In rasit ya fito da wannan sunan, zai wuce."

"To shi ke nan. Na biyun."

"Tsaya mana. Doka na faɗa maka, ban ba ka shawara ba tukuna. Shawarata ka shiga na farkon, ka biya daga aljihunka, ka huta. Yarinya ƙarama me za ta yi da Jamusancin asibiti?"

"Wace yarinya?"

"Si Munji."

"Ni na ambaci yarinya? Don aiki zan yi. Takardun injina nake so in riƙa karantawa da kaina."

"Injin da ka fi shekara ashirin kana murzawa, yau ka tuna yana da takarda?"

Ya miƙe ya sa hula. "Ke dai akanta ce, ki yi lissafi. Fassarar zuciya ba a ɗauke ki ba."

Na yi tsaki har sai da ya ji daga matakala. A ranar maƙo kawai na gani, na ce mutumin nan zai ɓata shekara guda saboda 'yan dinarorin da ba su taka kara sun karya ba. Daga baya na gane maƙon rabin zancen ne. Akwai gidan kofin da yake zama kowace safiya kusa da ganuwa, da su Si Shadli tsohon ma'aikacin kwastan, masu bakin da ba ya raga wa kowa. In ya ce yana koyon yaren Turawa don ya yi magana da jikarsa ta cikinsa, ya amsa da bakinsa cewa ɗansa ya raini 'ya babu Larabci, kuma gidansa ya zama kango. In kuwa abin ya shiga takardar haraji da hatimi a kai, to aiki ne, gwamnati ma ta shaida. Ba wanda zai yi masa dariya, shi ma ba sai ya faɗa wa kansa gaskiya ba.

Ya fara zuwa aji bayan la'asar. Ya sayi littafi, sabo kuwa, abin da ya sa na san lamarin babba ne. In na bi ta shagonsa sai in tarar ya jingina littafin a jikin fitila, hannu na goge haƙori, baki na motsi. Kalmomin suna fita daga maƙogwaronsa kamar mai kaki. Ban taɓa tambayarsa ma'anarsu ba, don har lokacin fushi nake yi da shi.

Ƙarshen shekara ya kawo mini rasit ɗin makarantar. Kamar yadda na zata, babu lambar harajinsa a kai, hatimin ma ya fita rabi. Na ce ya mayar a gyara, ya hau inda-inda, wai yana jin nauyin yarinyar da ke karɓar kuɗi. Na karɓe na ce ni zan je. Cibiyar tana hawa na biyu a wani gini a unguwar Bab Bhar, saman shagon sayar da waya. Aka gyara mini takardar nan take. Zan fita ke nan na ji muryarsa daga wani ɗaki da aka bari a buɗe, sai na leƙa.

Yana zaune a gaban aji a kan kujera, an lulluɓe masa gwiwoyi da bargo. Wata yarinya da farin ɗankwali ta durƙusa a gabansa, ta riƙe masa tsintsiyar hannu tana duban agogo. Ta yi masa tambaya, ya amsa a hankali, da wata murya ta gajiya da ban san shi da ita ba. Sauran 'yan ajin sun yi tsit suna rubutu.

Malamar ta hango ni ta fito. Madam Ulfa sunanta, mace mai fara'a, ta zauna a Jamus da daɗewa kafin ta dawo. Da na ce mata ni 'yar'uwar matarsa ce, sai ta kama hannuna biyu.

"Wallahi Allah ne ya kawo mana Ammi Munji, baffanmu. Yaran nan yawancinsu gidajen kula da tsofaffi za su je aiki. Dole su gwada yadda ake magana da tsoho mara lafiya. Da junansu suke yi, wannan ya zama tsoho, su ɓuge da dariya, darasi ya watse. Tun da ya zo, shi ne majinyacinmu. Ba ya wasa da abin ko kaɗan."

"Yanzu me yake ce mata?"

"Ya ce gwiwarsa ta hana shi sakat, a rufe masa taga, shayin da aka kawo ya huce."

"Kullum shi ne mara lafiyar?"

"To wa zai yi in ba shi ba? Ki ji yadda yake furta su, ya fi wasunsu ma."

Raina ya ɓaci. Na tsaya a ƙasa har aka tashi. Suka sauko a gungu, wani ya riƙe masa jaka, wata tana ce masa Ammi a kula da matakala. Da ya gan ni ya sha mur, ya karɓi jakarsa. Muka jera a ƙafa zuwa wajen tasi.

"Kuɗi ka biya a koya maka, ko kai ne kayan koyarwar?"

"Kalma ai kalma ce, Rafika. Duk inda ka same ta ka ɗauka."

"To faɗa mini, yaya ake cewa kyanwa?"

Ya gyara riƙon jakarsa.

"Yaya ake cewa zo mu je mu tsinko ɓaure?"

"Ba mu kai nan ba."

"Ba za ku kai ba har abada. Me ka sani?"

"Na san hawan jini. Na san allura. Na san a juya ni ɗaya gefen."

Dariya ta so ƙwace mini, na danne ta. Na ce masa har yanzu da sauran lokaci, ya koma ɗaya ajin daga sabuwar shekara, in kuɗin ne ni zan yafe masa ladan aikina na bana ya cika. Ya ce a'a, zai ɓata tsarin takardu, sufeto zai ga rasit iri biyu ya fara tambaya. Na ce sufeton ni zan ji da shi. Ya ƙi ƙememe. Muka yi tafiya kaɗan, can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Yaran suna da kirki. Kullum sai sun tambaye ni ko na yi barci lafiya."

"Ai darasi ne, Si Munji. A littafi yake."

"Na sani."

Na dube shi. Tun da aka rufe Jalila, wa ya taɓa kama hannunsa ya tambaye shi yadda ya kwana? Ni kaina tun rasuwar mahaifiyata, wadda na ƙare ƙuruciyata ina jinya, ba wanda ya yi mini wannan tambayar, ko da ta littafi ce. Na shiga tasi na bar shi a tsaye da jakarsa.

Da lokacin cika takardun haraji ya zo, na sa kuɗin makarantar a cikin abin da ya kashe don sana'a. Ba wanda ya ɗaga gira. Ya wuce sumul. Si Munji ya je gidan kofi ya baza labari, wai gwamnati da kanta ta ɗauki wani kaso na karatunsa. Si Shadli ya ce to ya gaishe su da Jamusanci su ji. Ya yi musu wata doguwar jimla, suka tafa. Daga baya ya faɗa mini ma'anarta: don Allah a miƙo mini kwanon fitsari.

A daidai wannan lokacin 'yan ajinsa suka fara watsewa. Su ci jarrabawa, biza ta fito, a yi sallama. Duk wanda zai tafi sai Si Munji ya saya masa kwalin mlabbas, alewarmu ta 'ya'yan itacen loz mai farin sukari a kai, ya kai masa aji. Shi da ba ya sayen abin da babu rasit ɗin aiki a kai. Yarinyar mai farin ɗankwali ta yi kuka ranar da za ta tafi, ta ce za ta riƙa kiransa. Ta kira sau ɗaya ko biyu. Aka kawo sabbin ɗalibai, aka sake ba shi kujerarsa da bargonsa, aka faro daga farko.

Zafi ya shigo, Nizar ya cika alkawari, amma irin cikawar 'yan zamani. Sun kama ɗaki a wani otal na bakin teku a garin Mahdiya, wai Anika ba ta jure zafin cikin gari, yarinyar kuma tana son ruwa. Safakis wuni ɗaya aka ware mata: su zo da hantsi, a ci abincin rana, su koma. Si Munji ya ji, ya ce madalla. Duk da haka ya sa aka yi wa tsohon ɗakin Nizar fenti a gidansu na lambu da ke hanyar Gremda, wai ko da za su gaji. Ni kuma ya roƙe ni in zo in yi marƙa, miyarmu ta kifi, da gurasar sha'ir, tunda gidan babu mace. Na je da sassafe. Na tarar ya sa rigar da ya sa ranar ɗaurin auren ƙanwata, yana kai da kawo a tsakar gida, baki na motsi.

Motar haya ta tsaya a ƙofa. Nizar ya fito, ya yi ƙiba, gashin gaba ya zube. Ya rungume ubansa, ya sumbaci goshina. "Khalti Rafika, innata, ba kya tsufa." Na ce ƙarya ma ya koyo a can. Anika doguwa ce mai kunya, ta gaishe ni da ɗan Faransancinta. Yarinyar ta fito a ƙarshe, ta maƙale a bayan uwarta. Idanun Jalila ne sak a fuskarta, sai da na kau da kai.

Si Munji ya gyara wuyan riga, ya matsa, ya ɗan sunkuya, ya yi magana. Tiryan-tiryan, babu gargada. Anika ta toshe baki da hannu. Nizar ya yi sororo, sannan ya fashe da dariya.

"Baba! Ina ka samo wannan?"

Na ce, "Me ya ce?"

"Cewa ya yi, barka da hantsi Madam Durra, sunana Munji, ni zan kula da ke a yau."

Yarinyar ta leƙo ta saki magana da sauri, kamar an kunna famfo. Na ga idon tsohon yana bin bakinta, yana neman kalma ɗaya da zai kama, bai samu ba. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ta sake maimaitawa. Ya juya ya dubi Nizar, abin da ya shekara yana gudu.

"Tambaya take ko akwai kyanwa a gidan," in ji Nizar.

Na koma kicin, don in na tsaya zan ce wani abu.

A wajen cin abinci ya sake gwadawa. Ya tambaye ta ko ta yi barci lafiya, ta ce e. Ya tambaye ta ko akwai abincin da likita ya hana ta, ta dubi uwarta. Ya tambaye ta ko tana buƙatar a taimaka mata ta wanke hannu. Nizar yana fassara mini yana share hawayen dariya, yana cewa wallahi Baba ka fi ni iya furuci. Tsohon yana dariya tare da su, amma kifin da ke gabansa bai taɓa ba. Tambayoyin suka ƙare masa. Hira ta koma tsakanin mutum uku da Jamusanci, mu biyu muna tsoma gurasa a miya. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi.

Bayan an ci, muka koma inuwar ɓaure da shayi. Durra ta gama zagaya lambun, ta dawo ta tsaya a gaban kakanta tana ƙare masa kallo, hannu a ƙugu. Ta ce wani abu, ta nuna bencin da ke jikin bango. Wannan karon bai dubi kowa ba. Ya miƙe ya je ya kwanta a kai.

"Ta ɗauka wasan asibiti yake yi," Nizar ya ce mini. "Ta ce ai ba shi ne likita ba, ita ce. Shi ya kwanta."

Ta ɗauko tawul ɗin kicin ta rufa masa a ƙirji. Ta ɗauki cokalin shayi ta sa masa a hammata. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗaure fuska, ta fara tambaya. Shi kuma ya fara amsawa. Ban san Jamusanci ba, amma na san mutum in ya taka hanyar da ya saba. Babu tsayawa, babu lalube. Ta jefo, ya mayar. Ta yi dariya, ta sake jefowa. Anika ta ɗaga waya tana ɗauka. Nizar ya matso kusa da ni yana fassarawa ƙasa-ƙasa, yana jin daɗi.

"Ta ce ina ke masa ciwo. Ya ce bayansa da ƙafafu. Ta ce tun yaushe. Ya ce an daɗe. Kai, Baba! Ta ce ya buɗe baki. Ta ce haƙoransa suna da kyau. Ya ce na gode, ni na yi su."

Muka yi dariya dukanmu. Wannan kam ba na littafi ba ne, na tabbata.

"Ta ce yana cin abinci sosai? Ya ce ba sosai ba. Ya ce abinci ba ya shiga in mutum shi kaɗai ne a tebur."

Dariyar Nizar ta ragu. Yarinyar ta rubuta wani abu a tafin hannunta da yatsa, ta sake tambaya. Tsohon ya amsa da kalma biyu ko uku. Nizar bai fassara ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce wa yake zuwa duba shi."

"Shi fa?"

"Ya ce ba kowa."

Anika ta sauke wayar. Durra kuwa ba ta lura da komai ba, aikinta take yi. Ta karkata kai ta yi wata tambayar, da muryar mamaki ta gaske. Si Munji ya amsa da doguwar jimla, a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta, idonsa a kan ganyen ɓaure. Na jira. Na taɓa hannun Nizar.

"Ta ce ba shi da 'ya'ya ne?" Ya dubi ubansa, ya ci gaba. "Ya ce yana da ɗa ɗaya. Yaron kirki ne. Aiki ne ya yi masa yawa, hanya kuma da nisa."

Har yau ban san ko daga littafin Madam Ulfa ya ɗauko ba, ko shi ya haɗa. Ban tambaya ba. Abin da na gani shi ne fuskarsa babu ko alamar gori. Murna ce zalla, irin ta ɗalibin da aka tambaye shi daidai inda ya haddace.

Likita ta yanke hukunci. Ta ce ya sha ruwa da yawa, ya kwanta da wuri, gobe zai warke. Ta shafa masa kai, ta zare cokalinta, ta hango kunkuru a gindin zaitun ta ruga.

Nizar ya miƙe ya ce bari ya duba mota, kamar ya bar gilashi a buɗe. Ya daɗe a waje. Ni kuwa har na fara lissafin zanen gado a raina, da abin da zan ɗora na dare, don na tabbata zai dawo ya ce sun fasa tafiya. Ya dawo idonsa ja. Ya tsaya a kan ubansa, wanda ya tashi zaune yana ninke tawul ɗin. Ya buɗe baki, na kasa kunne.

"Baba, gara mu kama hanya kafin motoci su yi yawa. Abincin dare a otal yana cikin kuɗin, an riga an biya."

"Haka ne," in ji Si Munji. "Kada a yi asara."

Na dubi Nizar, irin kallon da ya sani tun yana yaro. Ya sunkuyar da kai ya tafi kiran 'yarsa. Ya ce za su yi ƙoƙari su sake leƙowa kafin su tashi, mu duka muka ce in sha Allahu. A bakin ƙofa Durra ta miƙa wa kakanta hannu kamar babba, ta ce masa wani abu, ya amsa, ta yi dariya ta shige mota. Nizar ya rungume shi, ya daɗe bai sake shi ba, sannan ya shiga ya tayar.

Muka tsaya har motar ta sha kwana wajen katangar maƙwabta. Raina a dagule yake, ina neman kalmar da zan lallashe shi da ita, ni da ban iya lallashi ba. Na juyo na tarar fuskarsa a washe.

"Rafika, kin gani? Ko sau ɗaya ba ta ce in maimaita ba. Duk abin da na faɗa ta gane."

"Na gani."

"Shi ma Nizar yana zaune yana ji. Ko kalma ɗaya bai gyara mini ba."

Na ce masa e, bai gyara ba. Na shiga ciki na fara kwashe kofunan shayi.